Fulankiton: Ƙananan Halittun Ruwa da Matsalar Sunansu a Hausa, Misali daga Tafkin Kainji

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin bayani a kan wasu ƙananan halittu waɗanda rayuwar kifi ta dogara a kansu, tare da duba sunan da ya dace a kira su da shi a Hausa. An ɗauki misali daga Tafkin Kainji, wanda yake yamma da Kontagora, domin nan ne mafi kusa da Bahaushe zai iya ganin abin da masana kimiyyar teku suke nazari a kai.

2.0 Ma'anar Kalmar

Wani masani Bajamushe, Victor Hensen, shi ne ya ƙirƙiro kalmar fulankiton a shekarar 1887, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar abin da yake gararamba. Ana nufin halittun da ba su da ƙarfin yin iyo su saɓa wa igiyar ruwa, sai dai ruwa ya kai su inda ya nufa. Kashi biyu ne. Na farko dangin tsiro, masu haɗa abincinsu da hasken rana. Na biyu dangin dabba, masu cin na farko. Ƙananan kifaye su ci waɗannan, manya kuma su ci ƙanana. An ƙiyasta cewa kimanin rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga dangin tsiron nan na teku take fitowa.

A nan ne mai fassara yake gamuwa da cikas. Bahaushe yana da gansakuka, amma ita ana ganinta da ido, ta kwanta a kan ruwa ko ta manne wa dutse. Yana da kainuwa, wadda ya yi wa kirari da dashen Allah saboda yawon da take yi, sai dai ita cikakken tsiro ce mai ganye da saiwa. Idan aka faɗaɗa ma'anar gansakuka, an bar dangin dabba a waje. A ganin wannan marubuci, aro ya fi sauƙi: a rubuta fulankiton, a raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali kamar yadda aka yi wa furamare da fursuna, sannan a ce fulankiton-tsiro da fulankiton-dabba.

3.0 Tafkin Kainji

An kammala madatsar Kainji a shekarar 1968, ruwa ya mamaye fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,270, har ya haɗiye tsohon garin Bussa. A Sabuwar Bussa aka kafa cibiyar binciken tafkin, wadda daga 1987 ta zama cibiyar ƙasa ta binciken kifin ruwan daɗi.

Ambaliya biyu ce take shigowa tafkin a shekara. Akwai farar ambaliya ta damina, mai ɗauke da laka daga ruwan da aka yi a kusa, ciki har da na kogin Sakkwato. Akwai kuma baƙar ambaliya, wadda take tasowa daga tsaunukan Gini, ba ta isowa sai cikin hunturu, bayan lakarta ta kwanta a hanya. Lokacin fara, ruwa yakan yi gurɓi, haske ba ya ratsa shi, fulankiton-tsiro sai ya ragu. Da ruwa ya washe sai ya farfaɗo. Masu bincike suna auna wannan da wani farin faifai da ake zurawa da igiya har ya ɓace wa ido, dabarar da Angelo Secchi ya fara amfani da ita a 1865. Har ila yau, ruwan tafkin yakan sauya kusan sau huɗu a shekara, watau ba ya daɗewa balle halittun su yi yawa ƙwarai.

Wanda ya ci busasshen warangi ya ci fulankiton ta bayan gida, domin shi ne abincin wannan ɗan kifi, shi kuma warangi abincin giwan ruwa ne. Da tafkin ya cika, ciyayi da itatuwan da suka nutse suka ruɓe, suka zama taki, kamun kifi ya kai kimanin tan 28,000 a 1971. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ya faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi. Takin ya ƙare, masunta kuma sun ƙaru. Daga baya aka hana amfani da dala, wata koma mai ƙananan idanu, saboda tana kwashe 'ya'yan manyan kifaye tare da warangi.

4.0 Daga Kontagora zuwa Gaɓar Teku

Kogin Kontagora a Kwara yake zuba, Kwara kuma a Tekun Atlantika. Lakar da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro suke tarewa ita ce a da take gina gaɓar Neja-Dalta, inda kifin teku yake renon 'ya'yansa cikin saiwoyin itatuwan ruwan gishiri. Raguwarta tana cikin dalilan zaizayar gaɓar. Shi ya sa aikin Sabuwar Bussa yake haɗe da na cibiyar nazarin teku da ke Legas, wadda aka kafa a 1975. Su ma waɗannan itatuwa har yanzu da jimla ake kiransu a Hausa, ba da suna ba.