Sauya eriyar babur ɗin doguwar tafiya: Abin da ke raba ado da jin murya a ƙungurmin daji

Duk wanda ya taɓa ganin ayarin manyan babura irin su Honda Gold Wing ko Harley-Davidson Electra Glide a kan titunan Amurka, zai lura da wasu dogayen sanduna biyu suna rangaji a bayan kujerar fasinja. Ɗaya eriyar rediyon AM da FM ce, mai kamo labarai da waƙoƙi. Ɗayar kuwa ta rediyon CB ce, wato na'urar oba-oba da matafiya ke magana da juna kai-tsaye, ba tare da layin waya ba.

Rediyon CB tsohon abokin tafiya ne a Amurka. A shekarar 1958 hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta ware masa tashoshi 23 a kan megahaz 27, sannan ta mayar da su 40 a 1977. Tauraronsa ya haska bayan ƙarancin man fetur na 1973, lokacin da direbobin manyan motoci suka riƙa sanar da juna gidan man da ke da mai. Har yau tasha ta 19 ita ce dandalin direbobi, ta 9 kuma an keɓe ta domin neman agaji.

Ga mai babur da ke ratsa hamadar Nevada, inda sabis ɗin waya kan ɗauke, wannan na'ura na iya zama hanya ɗaya tilo ta shaida wa abokan tafiya cewa taya ta fashe ko wani ya faɗi. Doka ta ƙayyade ƙarfinta a wat 4 a tsarin AM, don haka babu damar ƙara mata wuta. Abin da mai babur zai iya gyarawa shi ne eriya.

Tsawo ba ado ba ne

Da yawa sukan cire dogayen eriyoyin da kamfani ya sa domin suna dukan ƙofar gareji, ko suna hana lulluɓe babur da tamfol, su maye gurbinsu da gajeru masu kyan gani. A nan ne ake yin asara.

Tsawon zangon CB ya kai kimanin mita 11, kuma eriyar da ta fi dacewa da shi ita ce mai rubu'in wannan tsawo. Shi ya sa fitacciyar sandar inci 102, wato kusan mita 2.6, ta yi suna a motoci. Babur ba zai ɗauki wannan ba, sai masu ƙira suka naɗe waya a jikin sandar da ba ta fi mita ɗaya ba, domin ta cike gurbin tsawon da aka rage. Duk lokacin da aka ƙara gajarta ta, ƙarfin da ke fita iska yakan ragu, daidaita ta a kan tashoshi 40 kuma ya ƙara wuya.

Eriyar FM ba ta da wannan matsala sosai. Rubu'in zangonta kusan santimita 75 ne, kuma aikinta karɓa ne kawai. Idan aka gajarta ta, iyakar abin da za a rasa shi ne tashoshin nesa. Ta CB kuwa aikawa take yi, kuskure a kanta na iya kashe rediyon ɗungurungum.

Rabin eriyar jikin babur ne

Eriyar CB ta yau da kullum tana buƙatar shimfiɗar ƙarfe a ƙarƙashinta, wadda ke zama rabinta na biyu. Mota tana da rufi da bodi. Babur ɗin zamani kuwa akasarin jikinsa roba ne, kuma a gefen akwatin baya ake kafa eriyar. Saboda haka dole a haɗa gindinta da firam da gajeriyar waya mai faɗi, bayan an kankare fenti da tsatsa. Inda hakan bai yiwu ba, akwai eriyoyin da aka ƙera musamman ba sa buƙatar ƙarfen. Su kan zo da tasu wayar, wadda ba a yankewa, ba a kuma sauya ta da wata.

Akwai kuma na'urar da ke ba da damar amfani da eriya ɗaya ga rediyoyin biyu. Tana rage cunkoso a bayan babur, amma kowane ɓangare sai ya rasa wani abu na ƙarfinsa.

Awo kafin magana

Bayan an ɗaura sabuwar eriya, aiki na gaba shi ne awo da mitar SWR, wadda ke nuna yawan ƙarfin da ke komowa cikin rediyo maimakon ya fita. Ƙasa da 1.5 ya yi kyau, har zuwa 2 ana iya tafiya da shi, amma daga 3 zuwa sama ana gab da ƙona sashen aika saƙo.

Ana yin awon ne a fili, nesa da gini da motoci, da kaya a ɗaure kamar ranar tafiya. Sai a gwada tasha ta 1 da ta 40. Idan lambar ta fi hawa a ta 40, eriyar ta yi tsawo, sai a rage. Idan a ta 1 ne, ta yi gajarta. Kaɗan-kaɗan ake juya kusar da ke samanta, ana sake awo, domin 'yan milimitoci sukan sauya sakamako. Idan ƙara ta dame murya da zarar an tayar da inji, sai a duba filogi, da fitilun LED, da cajar waya ta USB, a kuma nisanta wayar eriya daga wayoyin wuta.

Na'urorin Bluetooth na kamfanoni irin su Sena da Cardo, waɗanda ake maƙalawa a hular kwano, sun karɓe hirar cikin ayari. Sai dai suna haɗa mutum ne da masu irin na'urarsa da ke kusa. Direban tirelar da ya baro wurin hatsari a gaba, ko ya ga ƙanƙara ta rufe hanya, a tasha ta 19 zai faɗa, kuma mai eriyar da aka daidaita ne zai ji shi tun da sauran tazara.