Tafkin Geriyo: Wurin Shan Iskar Da Jimeta Ta Bar Wa Masunta Da Manoma

Daga Wakilinmu a Yola

Duk baƙon da ya sauka Jimeta cikin watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40, abin da zai fara tambaya shi ne ina mutanen garin nan suke zuwa shan iska. Amsar da zai samu ba za ta wuce gindin darbejiya ko bakin gadar Binuwai ba. Da wuya wani ya ambata masa Tafkin Geriyo, alhali kuwa tafkin yana nan daf da garin ta wajen arewa maso yamma, bayan unguwar Jambutu, tafiyar da Keke Napep zai yi cikin ɗan lokaci kaɗan.

Geriyo ɗan Binuwai ne. Idan damina ta yi nisa kogin ya cika ya batse, sai ruwa ya malala cikin fadama ya cika tafkin, ya kawo masa kifi da sabon laka. Idan rani ya shiga kogin ya ja da baya, sai tafkin ya rage shi kaɗai yana ƙafewa a hankali, manoma suna bin sawun ruwan da shuka. Saboda haka wanda ya gan shi a watan Satumba, ya sāke ganinsa a watan Afrilu, sai ya rantse wurare biyu ne dabam.

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma da sassafe. A sa'an nan hazon hunturu yana kwance bisa ruwa, masunta suna fitowa daga cikinsa a kwale-kwale ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ɗago kalli da ya kafa tun daren jiya, wancan yana wurga birgi. Abin da suke kamawa shi ne karfasa da tarwaɗa da kurungu, wani lokaci a dace da bargi. Mata masu saye suna jira a gaɓa da kwanoninsu, ana ciniki da Hausa, ana tsokana da Fulatanci, kafin rana ta ɗaga kifin ya isa kasuwar Jimeta. Ga bado ya buɗe fure, ga belbela da zalɓe suna kiwo a bakin ruwa, kirinjijiya kuwa sai ka ji kukanta kafin ka ganta. A wannan lokaci ne kuma tsuntsayen da suka gudo wa sanyin ƙasashen Turai suke sauka a irin waɗannan fadamu namu.

Daga gaɓa zuwa inda ido ya ƙure gonakin rani ne. Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, mai hedkwata a Yola, ɗaya daga cikin hukumomin raya koguna da Gwamnatin Tarayya ta kafa a shekarun 1970, ita ce take da shirin noman ban-ruwa a nan. Shinkafa da masara da kayan miya irin su tumatir, albasa, kuɓewa da alayyahu duk ana samunsu, kuma ƙarar injin ban-ruwa ba ta yankewa tun safe har magariba. Wannan dai shi ne amfanin tafkin na farko, ba kuwa wanda zai ce a hana mutum neman abinci don wani ya zo kallon tsuntsu.

To, amma tambayar da ya kamata a yi ita ce, shin abubuwan biyu ba za su haɗu ba? A ƙasashen arewacin duniya masu dazuzzukan sanyi, kamar Finlan wadda ake lissafa mata tafkuna kimanin 188,000, ko jihar Alaska ta Amurka, hukuma kan keɓe wani yanki na bakin tafki domin jama'a. A share hanya, a yi wurin zama da makewayi, a sa ma'aikaci mai kula, a rubuta dokar kamun kifi a allo kowa ya karanta. Su da ruwansu kan daskare rabin shekara ke nan. Mu kuwa da Allah Ya ba mu tafkin da ake iya zuwa kusan kowane wata, iyali ba su da inda za su shimfiɗa tabarma su ci abinci cikin natsuwa. Ba sai an je Turai ma ba, domin a nan gida marigayi Audu Bako ya nuna a Kano cewa ana iya haɗa madatsar ruwa da wurin hutawa, kamar yadda aka yi a Tiga da Bagauda, ko da yake otal ɗin Bagauda daga baya ya koma makarantar horar da lauyoyi.

Mutanen Yola ba sa bukatar a ba su labarin yadda tafki yake mutuwa, domin sun gani da idonsu. Tafkin Njuwa da ke kusa da tsohon garin Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, shi ne wurin bikin kamun kifin da Batawan Rugange da ƙauyukan kewaye suke yi kowace shekara, jama'a suna tahowa kallo daga nesa. Yashi da laka suka yi ta kwararowa suna cike shi har ruwan ya janye, bikin ya tsaya shekara da shekaru. Kebbi ta farfaɗo da na Argungu a 2020 bayan dogon hutu, saboda kogin Matan Fada yana nan da ruwansa. Biki ana iya dawo da shi da kuɗi da niyya, amma tafkin da ya cike sai an yashe shi tukuna, wannan kuwa aiki ne mai cin dukiya.

Alamun irin wannan ciwo suna bayyana a Geriyo. Noma har bakin ruwa yana sa ƙasa ta zaizaye ta gangara ciki, taki da maganin feshi suna bin ta, ciyawa tana ƙara cin fili. Garin Jimeta kuma yana matsowa da gine-gine da shararsa. Masunta suna kukan cewa kifi ya ragu ya kuma ƙanƙance, ko da yake wasunsu da kansu suke jawo haka, da taru mai ƙananan ido wanda ba ya barin ko ɗan tsako.

Akwai kuma batun Lagdo. Tun da Kamaru ta kammala wannan madatsa a kan Binuwai, kudu da Garwa, a 1982, cikar kogin ba ta bin damina kaɗai, tana bin ranar da aka buɗe ƙofofi. A 2012 da kuma 2022 ambaliya ta ci gonaki da gidaje a Adamawa har zuwa jihohin da ke ƙasa. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a yankin Fufore domin tare wannan ruwa, shekaru fiye da 40 ke nan ana maganarta ba a gina ba. Duk wanda zai gina wurin shaƙatawa a Geriyo dole ya yi lissafi da wannan, ya ɗaga gininsa inda ruwa ba ya kaiwa.

Mai niyyar zuwa ya tafi da ruwan shansa da hular rana, ya nemi izinin masunta kafin ya ɗauki hotonsu, ya kuma yi ciniki da mai kwale-kwale tun a gaɓa. Kada a shiga jirgin da aka cika maƙil, domin rigar ceto ba kasafai ake samunta ba. Yara kuma a hana su wanka a ruwan da ba ya gudu, saboda tsargiya, wadda ƙwayarta take fitowa daga jikin dodon koɗi ta shiga ta fatar mutum. Kifi kuwa ya fi araha kafin ƙarfe takwas, tun dillalan kasuwa ba su iso ba.