Lardin Bohol: Inda Duwatsu Ke Riƙe Da Tarihi

Duk baƙon da ya sauka a Tagbilaran, hedkwatar lardin Bohol na ƙasar Filifin, akan fara kai shi bakin teku ne, inda aka kafa mutum-mutumin Sarki Sikatuna da na madugun Sifaniyawa, Miguel Lopez de Legazpi. A cikin shekarar 1565 mutanen nan biyu suka tsaga jikinsu, suka ɗiga jini cikin abin sha, suka kurɓa, wai an ƙulla amana ke nan.

Amanar dai ba ta hana mulkin mallaka na fiye da shekara 300 ba. Cocin Baclayon, wanda ke tafiyar 'yan mil kaɗan daga nan, ya isa shaida. Da duwatsun murjani aka gina shi, aka gama a 1727, talakawan tsibirin kuwa su suka ɗebo duwatsun daga teku bisa aikin tilas. Girgizar ƙasar ran 15 ga Oktoba, 2013 ta rushe gabansa da hasumiyarsa, na garuruwan Loon da Maribojoc kuma suka zube ƙasa warwas. An sāke gina su duka.

Abin takaici, ba kowane baƙo ne ke hawa tuddan Danao ba, alhali can ne aka kafa allon tunawa da Francisco Dagohoy. A 1744 wani fada na coci ya hana a yi wa ɗan'uwansa jana'izar Kirista, shi kuwa ya ja jama'a suka shige duwatsu, suka yi wa Sifaniya tawaye. Shekara 85 aka yi ana fafatawa, ba a murƙushe su ba sai 1829.