'Yan Babu: Amurkawan da Suka Daina Jingina Kansu da Wani Addini

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar dalar Amurka, idan ya juya bayanta zai ga an rubuta cewa ga Allah suka dogara. Tun shekarar 1956 wannan furuci ya zama taken ƙasar a hukumance. Galibin shugabanninsu kuma kan ɗora hannu bisa Baibul ranar rantsuwar kama aiki. To amma a wannan ƙasa ce yau kusan mutum uku cikin kowane goma na manya, idan aka tambaye su addininsu, sai su ce babu. Wannan maƙala za ta dubi ko su wane ne waɗannan mutane, da abin da ya sa yawansu ya ƙaru haka cikin 'yan shekaru.

Daga ina alƙaluman suka fito?

Hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ba ta tambayar addini. Wata doka ta 1976 ta hana a tilasta wa mutum amsa irin wannan tambaya a lokacin ƙidaya. Saboda haka cibiyoyin jin ra'ayoyin jama'a ne suke tattara bayanan. Akwai wani bincike da wata cibiya a Jami'ar Chicago take gudanarwa tun 1972. A shekarar farko, kashi 5 cikin ɗari ne kawai suka ce ba su da addini, kuma har wajen 1990 adadin bai kai kashi 10 ba. Daga nan sai ya fara hawa, ya kai kashi 14 a 1998.

Cibiyar Pew da ke birnin Washington ta yi manyan bincike sau uku a kan wannan batu. A 2007 ta samu kashi 16, a 2014 kashi 23, sannan a binciken 2023 zuwa 2024 kashi 29. A tsakanin waɗannan shekaru, masu kiran kansu Kirista sun ragu daga kashi 78 zuwa 62. Ita ma cibiyar Gallup ta gano cewa a 2020 kashi 47 ne kacal suke da rajista a coci ko masallaci ko wurin ibadar Yahudawa, alhali a 1999 kashi 70 ne.

Matsalar suna

A nan ne ɗalibin Hausa zai yi taka-tsantsan. Idan Bahaushe ya ce wane ba shi da addini, zagi ne: yana nufin mutumin ba ya tsoron Allah, ba ya jin kunya, ba a ba shi amana. Idan muka fassara wannan rukuni da "marasa addini" kai tsaye, mai karatu zai ɗauka kashi 29 na Amurkawa sun ƙaryata samuwar Ubangiji. Ba haka zancen yake ba. A takardar tambayoyin akan jera addinai, a ƙarshe kuma a ba mutum damar ya ce babu ko ɗaya. Daga wannan amsa ce Amurkawa suka laƙaba musu suna, shi ya sa ni ma na ga ya fi dacewa in kira su 'yan babu.

Su kansu kashi uku ne. Akwai mulhidai, wato masu cewa babu Allah, waɗanda suke kashi 5 cikin ɗari na manyan ƙasar. Akwai masu cewa ba za a iya sanin ko akwai Shi ko babu ba, su kuma kashi 6. Sauran kashi 19 ɗin, wato mafi rinjaye, cewa suka yi kawai ba sa bin wani addini takamaimai. Wani rahoton Pew na 2024 ya nuna cewa kusan bakwai cikin goma na 'yan babu sun yarda akwai Allah ko wani iko da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Wasunsu ma suna addu'a. Abin da yawancinsu suka bari shi ne coci da fasto da sunan ɗarika.

Me ya kawo haka?

Dalilin da masana suka fi tattaunawa a kai shi ne siyasa. A 1979 wani fasto mai suna Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority, wadda ta tattara Kiristoci masu ra'ayin riƙau domin su mara wa 'yan takarar jam'iyyar Republican baya. Sannu a hankali batutuwa irin su zubar da ciki da addu'a a makarantun gwamnati, daga baya kuma auren jinsi ɗaya, suka raba ƙasar gida biyu. A 2002 malaman nazarin zamantakewa biyu na Jami'ar California da ke Berkeley, Michael Hout da Claude Fischer, suka wallafa wata maƙala da ta yi tasiri ƙwarai. Sun lura cewa waɗanda suka fi sauya amsarsu zuwa "babu" su ne masu sassaucin ra'ayi da 'yan tsaka-tsaki, waɗanda dama zuwansu coci bai taka kara ya karya ba. A da, irin wannan mutum zai ce shi ɗan Methodist ne ko ɗan Katolika saboda haka aka haife shi. Da ya ga kalmar Kirista ta fara ɗaukar launin jam'iyyar da ba ya so, sai ya ajiye sunan baki ɗaya. A ganina wannan bayani ya fi sauran ƙarfi, domin shi ne ya dace da lokacin da hawan ya fara.

Akwai kuma masu danganta abin da ƙarewar Yaƙin Cacar Baka. Lokacin da Tarayyar Sobiyet take nan, rashin addini tamkar alama ce ta kwaminisanci, kuma ba kowane Ba'amurke ne zai yarda a shafa masa wannan baƙin fenti ba. Bayan rushewarta a 1991, wannan tsoro ya ragu.

Abin kunya ma ya taka rawarsa. A 2002 jaridar Boston Globe ta bankaɗo yadda wasu limaman cocin Katolika suka riƙa lalata da ƙananan yara, da yadda shugabanninsu suka riƙa sauya musu wurin aiki maimakon hukunta su. Binciken Pew na baya-bayan nan ya nuna cewa duk mutum ɗaya da ya shiga Katolika a Amurka, fiye da takwas ne suka fita, ko da yake ba duka ne wannan dalili ya kora ba.

Shi kuwa Robert Putnam na Jami'ar Harvard, a littafinsa na shekarar 2000, ya nuna cewa Amurkawa suna janye jiki daga kusan kowace irin ƙungiya, daga ta ƙwadago har zuwa ta wasanni. Coci ɗaya ce daga cikinsu. Wannan ya zo daidai da abin da Pew ta gano, cewa waɗanda ba sa bin wani addini takamaimai ba su cika fita zaɓe ko aikin sa-kai ba kamar sauran jama'a. Wataƙila shi ya sa, duk da yawansu, a Majalisar Dokokin da aka rantsar a Janairun 2025 kashi 87 cikin ɗari Kiristoci ne, 'yan babu kuwa ko kashi 1 ba su kai ba.

Ina aka dosa?

Daga wajen 2019 hawan ya lafa. Adadin Kiristoci ya tsaya tsakanin kashi 60 zuwa 64, har wasu shugabannin coci suka fara murna cewa guguwar ta wuce. Ni dai ina ganin sun yi gaggawa, idan aka dubi shekarun mutanen. Cikin tsofaffi masu shekara 74 zuwa sama, kashi 80 Kiristoci ne, kashi 13 kawai 'yan babu. Cikin matasa masu shekara 18 zuwa 24 kuwa, Kiristoci kashi 46 ne, 'yan babu 43. Tsofaffin nan suna tafiya, matasan ne za su gaje su.

Masu kyakkyawan fata kan ce ai ƙuruciya ce, da zarar sun yi aure sun haihu za su koma coci. A da akwai gaskiya a wannan magana. A binciken 2007, cikin waɗanda aka rena a gidan da ba a bin wani addini, fiye da rabi sun rungumi wani addini bayan sun girma, kashi 46 ne kawai suka zauna yadda aka rene su. A binciken 2023 zuwa 2024 wannan adadi ya kai kashi 73, wato ya zarce na 'yan Katolika, waɗanda kashi 57 ne kawai na 'ya'yansu suke zama cikin cocin iyayensu.