Ɓuntu, Toka da Tukunyar Tururi

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan ƙaramar hukumar Bagudo bayan an yanke shinkafa, daga Matsinkai zuwa Illo da Lolo, zai ga tsibin ɓuntu a bayan injinan casa. Wani wurin ma an cinna masa wuta, yana ci a hankali, hayaƙi na damun maƙwabta. Ga kuma mata masu gumi suna sayen itace da tsada don turara shinkafar da ɓuntun ya fito daga jikinta. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin samfarera ɓuntu ne, don haka ba ƙaramin makamashi ake zubarwa ba.

An daɗe da gane haka. A manyan masana'antun shinkafa, irin wadda WACOT ta buɗe a Argungu a 2017, ɓuntun da aka cire shi ake yawan mayarwa cikin tukunyar tururi. A Jamhuriyar Benin kuma, cibiyar AfricaRice ta kai wa ƙungiyoyin mata masu gumi tukwanen zamani da ake kira GEM, a Glazoué a 2015, daga baya a Malanville, wadda ba ta da nisa da Lolo. Yanzu ƙananan masu sana'a ma sun fara sha'awar murhu da tukunya masu cin ɓuntu ko curarren garin katako. Saye ba shi ne wahalar ba. Riƙon ne.

Tukunya mai cin curarren garin katako ta fi yaɗuwa ne a ƙasashe masu sanyi, irin su Ostiriya da Jamus da Suwidin, inda ake ɗumama gidaje da ita. Ana matse garin katako ya zama 'yan ƙananan dunƙulaye masu kaurin milimita 6. Wani murɗaɗɗen ƙarfe, irin na cikin injin markaɗe, yana tura su kaɗan-kaɗan zuwa bakin wuta, fanka na hura iska, zafin kuma na ratsa bututai ya dafa ruwa. Dunƙulen mai kyau danshinsa ba ya wuce kashi 10 cikin ɗari, tokarsa kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

A nan ne mutanenmu ke faɗawa rami. Tokar ɓuntu tana kaiwa kusan kashi 20 cikin ɗari, wato ta ninka ta katako fiye da sau ashirin. Wanda ya sayo tukunyar da aka ƙera don dunƙulen katako, ya ɗura mata ɓuntu saboda kyauta yake samunsa, kafin la'asar ma'ajin tokar ya cika, ramukan iska sun toshe, wuta ta shaƙe. Sai a ɗora wa maƙeri laifi, ko a ce kayan jabu ne, alhali ba abincinta aka ba ta ba. Kafin a biya kuɗi, a tambayi mai sayarwa: me aka ƙera ta ta ci?

Tokar ɓuntu tana da wani hali da ya kamata a sani. Mafi yawanta sinadarin silika ne, wanda shi ne jigon yashi. Ba ta rugujewa ta zama gari nan take. Ko bayan ta ƙone takan riƙe siffar ɓuntun, ta yi sakayau, ta taru a kan rariyar murhu ta hana iska wucewa. Wadda iska ta kwasa kuma tana goge fukafukan fanka da lanƙwasar bututu, a hankali har ƙarfe ya yi siriri ya huje. Shi ya sa kwashe toka aikin kullum ne, a wasu murahun ma sau da yawa a yini. Mai kwasar ya rufe hanci da baki, ya ɗan yayyafa mata ruwa bayan ta huce, domin ƙurarta ba ta yi wa huhu daɗi. Launinta ma labari ne. In ta fito fara ko ruwan toka mai haske, wuta ta ci da kyau. In ta fito baƙa ƙirin, iska ba ta isa ba, ko an cika ɗura, kuma wani kaso na makamashin yana cikin abin da ake zubarwa. In kuwa aka tarar da kashin maƙera ya daskare a bakin wuta, a duba ko yashi da ƙasa ko bambaro sun gauraya da abin da ake ƙonawa, wanda yakan faru idan daga ƙasa ake shebur ɗin ɓuntun.

Danshi shi ne abokin gaba na biyu, kuma a bakin kogin Kwara da damina ba sai an neme shi ba. Dunƙule ya sha ruwa sai ya kumbura ya farfashe, ya cushe ƙarfen turawa, motar lantarkin da ke murɗa shi ta yi ta gurnani ba ta juyawa. Kada a matsa mata, za ta ƙone. A kashe, a cire wuta daga soket, a kwashe abin da ya cushe. Buhuna kuma a ɗora su kan katako, nesa da bango.

Idan wuta na ci sosai amma tururi ya yi rauni, shinkafa na daɗewa ba ta turaru ba, abu biyu ake zargi. Ko dai kunkunniya ta lulluɓe bututan ta wajen wuta, wannan buroshi ne maganinsa, mako-mako. Ko kuma farin ɓawo ya kama su ta wajen ruwa, abin da ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse ke bari. Ruwan kogi kuma laka yake tarawa a gindi. A tace ruwa, a bar shi ya kwanta, a riƙa buɗe famfon ƙasa ana zubar da dagwalon.

Akwai kurakurai biyu da ba gyara suke jawowa ba, jana'iza suke jawowa. Na farko, ɗaure ko toshe bawul ɗin da ke sakin tururi idan matsi ya yi yawa, wai don yana tsiyaya ko yana ƙara. A canza shi, kada a ɗaure. Haka nan idan ruwa ya ƙafe tukunya ta yi ja, kada a kwarara mata ruwan sanyi. A janye wuta, a matsa nesa, a bar ta ta huce da kanta. Na biyu, hura ta a rufaffen ɗaki. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. An fi shiga wannan haɗari lokacin da lantarki ya ɗauke, fanka ta tsaya, ɓuntu na ci gaba da turnuƙewa a ciki. Ma'aikaci ya fara jin ciwon kai da jiri a kusa da tukunya, a fitar da shi sarari nan take, a kai shi asibiti, kuma kada a sake kunna ta sai an share bututun hayaƙi tun daga gindi har sama.