Gene Winfield, maƙerin tsofaffin motoci da bai ɓoye sana'arsa ba

Ran 4 ga watan Maris na shekara ta 2025 wani tsoho mai suna Gene Winfield ya rasu a ƙasar Amurka, yana da shekara 97 a duniya. Bai taɓa riƙe muƙami ba, bai kuma shiga sahun attajirai ba. Maƙeri ne, sai dai ƙirarsa ta jikin mota ce. Amma labarin rasuwarsa bai tsaya a garinsu ba, ya ƙetare teku ya kai Turai da Japan da Ostiraliya, kuma ko'ina an sami mutanen da suka ji kamar ubangidansu na sana'a ne ya tafi, har da waɗanda ba su zauna da shi ba sai kwana ɗaya ko biyu. Ya kamata masu karatu su san dalili.

Tilas ne mu fara da bayyana irin jama'ar da ya fito cikinta, domin sha'awarsu baƙuwa ce ga yawancinmu. A Amurka akwai mutanen da ke ɗaukar tsohuwar motar da kowa ya yafe, su kwance ta ƙusa da ƙusa, su sa mata inji mai ƙarfi, su sake fasalin jikinta, su yi mata fenti, sa'an nan su hau ta bisa titi kamar yadda mai doki ke hawan dokinsa ranar ƙwalisa. Su masu abin suna ce wa irin wannan mota sitirit rod. Mu a nan za mu ce mata motar ƙawa. A asali sai wadda aka ƙera kafin shekara ta 1949 ake ba wannan suna.

Talauci ne ya haifi abin. Bayan karayar tattalin arziki ta 1929, samarin kudancin jihar Kalifoniya ba su da halin sayen sabuwar mota, amma tsofaffin Ford suna nan birjik, da araha. Sai suka riƙa saye suna cire duk abin da ke ƙara nauyi, suna ɗora injin nan mai silinda 8 wanda kamfanin Ford ya fitar a 1932, suna tafiya tsere bisa faƙon tafkunan da suka ƙafe cikin hamada, kamar Muroc da El Mirage. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, sojoji suka komo gida da sanin walda da gyaran inji, abin ya bunƙasa. A 1948 aka soma buga mujallar Hot Rod. Amma suna ya ɓaci, domin wasu sun mai da titunan gari filin tsere, ana asarar rayuka, jaridu da ƴan sanda suna kallon samarin duka a matsayin ƴan iska. Wannan ya sa a 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar da ta janye tseren daga titi ta kai shi filaye na musamman, da doka da alƙalai. Daga nan hanya ta rabu biyu: masu neman gudu suka bi filin tsere, masu neman kyau da jin daɗin tuƙi suka tsaya bisa titi. A 1970 waɗannan na biyu suka yi babban taronsu na farko a Peoria, jihar Illinois, da motoci wajen 600. Daga baya taron ya koma Louisville, jihar Kentucky, inda motoci kan haura 10,000.

An haifi Winfield ran 16 ga watan Yuni na 1927 a Springfield, jihar Missouri. Yana ƙarami iyayensa suka yi ƙaura zuwa Modesto, garin manoma a tsakiyar Kalifoniya. Yana da shekara 15 ya sayi motarsa ta farko, tsohuwar Ford. Ya yi aikin sojan ruwa a ƙarshen yaƙi, ya komo, ya buɗe garajinsa na farko cikin ɗakin kaji a bayan gidan mahaifiyarsa. Ba a makaranta ya koyi sana'ar ba. Kallon hotuna ya yi, ya gwada, ya ɓata ƙarfe, ya sake. A 1951 ya kai wata Ford ta 1927 filin gishiri na Bonneville, jihar Utah, ta yi gudun da ya wuce kilomita 200 cikin awa guda. Amma gudu ba shi ne ya ɗaukaka sunansa ba. Guduma ce da fenti.

Aikin da aka fi saninsa da shi shi ne rage tsayin rufin mota. Ga wanda bai sani ba, abin kamar mai sauƙi ne: a yanke ginshiƙan da ke ɗauke da rufi, a cire santimita 8 ko 10, a mai da rufin a liƙe. To, ba haka yake ba. Mai karatu ya tuna da jinka. Gindinta ya fi samanta faɗi, saboda haka in aka yanke wani yanki daga tsakiyarta, saman da ya rage ba zai ƙara hawa daidai bisa gindin ba, zai yi kaɗan. Haka rufin mota yake, domin ginshiƙansa a karkace suke. Sai an tsaga rufin gida-gida, an buɗa shi, an cike giɓin da sabon ƙarfe, ko kuwa an ƙara kwantar da ginshiƙan. Ƙofofi ma sai an yanke su daidai da sabon tsayin. Gilashin gaba yana yankuwa in an bi shi a hankali, amma na baya, wanda aka gasa don ya yi tauri, ba ya yankuwa, tarwatsewa yake yi. Dole a bar shi yadda yake, a kwantar da shi, a ƙera ƙarfen da ke kewaye da shi ya bi shi. Idan an yi kuskuren ɗan yatsa guda a nan, motar za ta fito kamar an danne ta da dutse, kuma ba mai iya mai da abin da aka yanke.

Sa'an nan ga wahalar wuta. Kaurin ƙarfen jikin mota wajen milimita guda ne kawai, zafin walda yana sa shi ya kumbura nan ya lotsa can. Dabarar mutanen zamanin Winfield ita ce a yi walda kaɗan, a ajiye wuta, a ɗauki guduma a bugi wurin tun yana ja, da ɗan dunƙulen ƙarfe a tare ta baya a madadin uwar maƙera, sa'an nan a ci gaba. In an gama, sai a narkar da darma gauraye da kuza har ta yi laushi kamar kakide, a shafe ta bisa ɗinkin da ɗan katako da aka tsoma cikin kitse don kada ta manne, in ta huce a goge da magagari. Wanda ya ƙware, in ya shafa tafin hannunsa bisa ƙarfe, yakan ji tudun da ido bai gani ba. Wannan ilimi ne da ba ya shiga takarda sosai. Ana iya rubuta sunan guduma da zafin wuta, amma nauyin bugu da lokacin ɗaga hannu sai an tsaya kusa da mai yi.

Game da fenti kuwa, shi ne ya shahara da shigar da launi cikin launi ba tare da an ga iyakarsu ba. Yakan fara da shimfiɗa mai ƙyalli, ya bi ta da fenti mai garau wanda ake hango na ƙasa ta cikinsa, yana ƙara feshi inda yake son duhu, yana sassautawa inda yake son haske, har launin ya riƙa sauyawa a jikin mota kamar sararin sama bayan faɗuwar rana. Motar da ta kai wannan aiki idon duniya ita ce wata Mercury ta 1956 da ya sa wa suna Jade Idol, wadda ya rage wa kaurin jiki da santimita 10, aka yi ta yawo da ita wuraren nuni a farkon shekarun 1960. Har yau masu fenti suna kiran wannan salo da sunansa.

Daga nan ƙofofi suka buɗe. Kamfanin AMT, mai yin ƙananan motocin roba da yara ke harhaɗawa, ya ɗauke shi aiki a 1962, daga baya ya ba shi jagorancin wani garaji a Phoenix, jihar Arizona. Masu shirya fim suka neme shi. Shi ya ƙera ƙaramin jirgin Galileo na wasan talabijin Star Trek, shi ya yi motoci 25 na fim ɗin Blade Runner na 1982. A cikin ayyukansa na wannan zamani akwai guda da za ta ba tsofaffin ma'aikata dariya: wata mota mai jikin alminiyom da ya kira Reactor, wadda Amurkawa suka riƙa kallo a talabijin kamar ta sauko daga wata duniya, alhali a ƙarƙashinta shasin Citroën DS ne, irin wadda Janar De Gaulle ke shiga, mai miƙewa tsaye in an ta da inji.

Jaridu da yawa da suka ba da labarin rasuwarsa, kan waɗannan motocin fim suka fi tsayawa. A ganinmu sun kama reshe. Motar fim ana yin ta ne don idon kamara, in an gama wasu a jefar da su. Abin da ya sa jama'ar motocin ƙawa suka riƙe shi a zuciya daban ne.

Sananne ne cewa mai sana'ar hannu yana kishin asirinta. Yakan juya baya in zai yi bugun da ya fi muhimmanci, yakan bar yaron garaji shekaru yana shara da miƙa guduma kafin ya nuna masa abu guda, wani ma har ya mutu da abinsa. Winfield ya bi akasin haka. Bayan ya zauna a garajinsa na Mojave, cikin hamadar Kalifoniya, sai ya buɗe shi ga masu son koyo, yana ba da horo na ƴan kwanaki kan sarrafa ƙarfe, yana nuna komi dalla-dalla. Bai tsaya nan ba. Ya riƙa bin wuraren nunin motoci gari-gari, inda za a kawo masa tsohuwar mota a tsakiyar taro, ya tara makanikai da ɗalibai na garin, su yanke rufinta su mai da shi cikin kwana biyu ko uku, jama'a na tsaye suna kallo. Mai karatu ya auna abin da wannan ke nufi bisa bayanin da muka yi a sama: aikin da kuskure guda ke lalata shi, mutum ya yi shi a bainar jama'a, ya kuma danƙa wuta da guduma a hannun yaron da bai taɓa gani ba. Ya yi haka yana da shekara saba'in, ya yi yana da tamanin, ya yi ya wuce casa'in.

Kuma lokacin da ya zaɓi yin haka shi ne lokacin da sana'ar ta fi bukata. Tun daga shekarun 1950 wani ƙullin roba mai saurin bushewa ya soma korar darma daga garaji, domin ya fi sauƙi, ba ya kuma cutar da mai aiki kamar yadda darma ke yi. Motocin zamani kuwa, in gefe ya lotse, cire shi ake a sa sabo, ba mai ɓata yini yana bugu. Ta haka hannuwan da suka san tsohon aikin suka yi ta raguwa. Tsaransa ma suna ta tafiya: George Barris, wanda shi da ɗan'uwansa Sam suka yi suna da irin wannan ƙira a Los Angeles, ya rasu a 2015, Alex Xydias, wanda ya buɗe shagon So-Cal a 1946, ya rasu a 2024 yana da shekara 102.

Ba kowa ke yabon wannan sana'a ba, gaskiya ce a faɗa. Akwai masu tara tsofaffin motoci da ke ganin yanke rufin motar 1932 ko ta 1950 ɓarna ce, kamar mutum ya sami tsohuwar riga ta gado ya datse mata hannuwa don ta dace da yayi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, musamman yanzu da irin waɗannan motoci suka yi ƙaranci. Sai dai a tuna cewa lokacin da su Winfield suka fara, motocin nan ba kayan tarihi ba ne, tarkace ne da ke jiran a narkar da su, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka kai yau sun kai ne domin wani saurayi ya ga abin so a jikinsu.

Yadda jama'arsa ke ƙaunarsa ya fito fili a shekara ta 2018. Ya tafi ƙasar Finlan wajen wani nunin motoci, yana da shekara 91, ya faɗi ya karye a ƙugu. Aka yi masa aiki a can, amma halin da yake ciki bai bar shi ya shiga jirgin fasinja ba, jirgin ɗaukar marasa lafiya daga arewacin Turai zuwa Kalifoniya kuwa kuɗinsa ba na maƙeri ba ne. Da labari ya bazu, sai masu garaji da masu fenti da waɗanda suka taɓa tsayawa kallonsa a taro suka shiga karo-karo daga ƙasashe dabam-dabam, kowa da abin da ya iya, har kuɗin suka cika aka komo da shi gida. Mutum mai waɗannan shekaru, bayan irin wannan karaya, ana sa ran ya nemi inuwa ya zauna. Shi da ya sami sauƙi sai ya koma Mojave, ya ɗauki gudumarsa, ya ci gaba da amsa gayyatar taro.