Wa Za A Danƙa Wa Jariri In Uwa Ta Koma Bakin Aiki?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincinSa su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Bichi, da sassafe, zai ga abin da iyayenmu ba su saba gani ba. Ga malamar makaranta ta nufi firamaren ƙauye, ga ungozoma ta nufi asibiti, ga kuma ayarin mata sun tasam ma kasuwar Dawanau, inda ake gyaran riɗi da zoɓo. Wannan ƙasa tana cikin mafiya yawan jama'a a karkarar Arewa, gona ta haɗu da gona, gado kuwa kullum ƙara gutsuttsura ta yake yi. Abin da maigida ke nomawa sau da yawa ba ya kai gida shekara, shi kansa da rani yana can birni neman abin rufin asiri. Tun daga 1976 da aka soma shirin ilmin firamare ga kowa, aikin koyarwa ma ya ƙara jawo mata waje. To, a bayan yawancin waɗannan mata akwai jinjiri da aka bari a gida. A hannun wa?

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, ta kuma ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a yini. Mai aikin yini a kasuwa ko a gonar noman rani ba ta da ko wannan, da ta gama wankan jego sai fita. Alhali kuwa a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara an ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa. Tsakanin wata uku da shekara biyu akwai rata mai yawa, a nan ne mas'alar take.

Da farko mu sani ba da jariri reno ba laifi ba ne a Musulunci. Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya sha nonon Suwaiba, sa'an nan Halimatus Sa'adiyya ta tafi da shi ƙauyen Bani Sa'ad, Ummu Aiman kuma ta rene shi. Shi ma da aka haifa masa Ibrahim a Madina, sai ya ba da shi ga Ummu Saif, matar wani maƙeri. Amma abin lura, ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa yakan taka da kansa har unguwar, ya shiga gidan ga hayaƙin maƙera, ya ɗauki ɗansa ya sumbace shi. Ashe ba da reno ba ya sauke wa uba nauyin sa ido. Magidanta nawa ne a cikinmu suka san inda jaririnsu ke yini?

Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin reno, wanda suke kira hadana. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, bayan uwa sai kaka, sa'an nan 'yar'uwar uwa. Annabi ma, da aka yi jayayya a kan riƙon 'yar Sayyidina Hamza, ga Ja'afar ya ba da ita, don matarsa 'yar'uwar mahaifiyar yarinyar ce. Gaskiya ne an jera wannan ne saboda rabuwar aure ko mutuwa, amma hikimar tana nan: a fara duba inda tausayi ya fi ƙarfi. Muhtasar na Shehu Halilu kuma ya kawo sharuɗɗan mai reno: hankali, da iyawa, da amana, da amintaccen wuri, da kuɓuta daga cuta mai cutar da yaro. Ya ma fitar da tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare.

Sai mu auna al'adunmu da wannan ma'auni.

Kaka ita ce gatan jariri, babu musu. Sai dai a duba ƙarfinta da ganinta, kada a ɗora mata abin da Allah bai ɗora mata ba. Kuma a yi mata bayani cikin ladabi cewa likitoci sun tabbatar nonon uwa zalla ya ishi jariri har wata 6, ba ruwa, ba jiƙe-jiƙe. Ruwan rijiya ko na kududdufi da ake ɗura wa jinjiri don tausayin zafin bazara shi ne kan jawo gudawa. Uwa na iya tatsar nononta a mazubi mai tsabta, a rufe, a ba shi cikin 'yan sa'o'i. Wannan bayani ga mahaifiyar miji, mijin ne ya kamata ya yi shi, don kunya ba za ta bar suruka ta buɗe baki ba.

Abokiyar zama ko matar ɗan'uwa, in akwai zaman lafiya, taimako ne babba, ɗa na kowa ne. Amma ga wani tarko da mutane ba su cika lura da shi ba. Yaro ya tsananta kuka, uwa ta yi nisa, sai mai goyo ta gidan ta ba shi nono don ya yi shiru. A mazhabarmu, duk abin da ya isa cikinsa na nono a cikin shekara biyun nan, ko da tsotsa ɗaya ce, ya haramta abin da nasaba ke haramtawa. Mu kuwa mutane ne masu auren zumunci. Bayan shekara 20 sai a ɗaura wa ɗan wa da 'yar ƙane aure, alhali nono ya riga ya haɗa su. Buhari ya ruwaito labarin Uƙba ɗan Haris, wanda wata mata ta ce ta shayar da shi da matarsa, aka kuwa rabu. Saboda haka duk wadda ta shayar da ɗan wata ta faɗa, a sanar da iyaye maza, a rubuta a ajiye.

Saura 'yar raino, wadda ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi ban tausayi. A ɗauko yarinya 'yar shekara 8 ko 9 daga ƙauye, a goya mata jariri tun safe har la'asar, ga murhu, ga rijiya, ga tafasasshen ruwa. Ina sharaɗin iyawa a nan? Ita kanta mai bukatar reno ce. Abin takaici, wani lokaci tana zaune a gindin bishiyar makaranta da goyo, uwar ɗakinta na cikin aji tana koyar da 'ya'yan wasu. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun yaro har ƙarshen ƙaramar sakandare, Shari'a kuwa tun tuni ta hana a gyara wani a ɓata wani. In dole sai an ɗauki mai aiki, a nemi babbar mace mai natsuwa, a yanka mata lada sananne, a biya ta a kan kari. Ciyar da ɗa da tufatar da shi wajibin uba ne, Suratu Ɗalaƙ ma ta umurce shi da biyan mai shayarwa, don haka kada ya ce ai albashin matarsa ya isa.

Kira kuma ga hakimai da limamai da shugabannin makarantu da na asibitoci: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗaki guda mai tsabta a kusa da wurin aiki, da dattijuwa amintacciya da iyaye za su haɗa kuɗi su biya, ya isa uwa ta leƙo ta shayar ta koma. Zawarawa da yawa a ƙauyukanmu za su sami abin yi ta wannan hanya.

A ƙarshe, ayar nan ta Baƙara ta sa yaye a kan yarda da shawara tsakanin uwa da uba. In yaye na bukatar shawara, ina ga zaɓen hannun da ɗa zai yini a cikinsa? A zauna a yanke tun ciki bai tsufa ba, kada a bari sai daren komawa aiki. Kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.